Takardar da ta ce akwai testosteron a zumar Kawu

Kawuna ya haura shekara ashirin yana sayar da zuma a Yamai. Rumfar ba wata babba ba ce: teburi guda, jarkoki a ƙarƙashinsa, kwalabe a jere, da ɗan cokalin da yake lasa wa mai saye. Kayansa daga wajen Makalondi da Tamu suke zuwa, idan hanyar can ta ƙi lafiya sai ya juya Gaya. Mutum ne da in ya ɗiga zuma a yatsa ya shinshina, zai gaya maka ko ta sha wuta wajen tatsa ko ba ta sha ba.

Wata Asabar cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya shigo gidanmu da leda a hannu. Bayan an gaisa ya sha ruwa, ya zaro wata takarda mai ninki huɗu ya miƙo mini.

"Ɗiyata, ke da kika yi karatun sinadarai a jami'a can Harobanda, duba mini wannan. So nake in sa a buga shi a jikin kwalba."

Takardar gwaji ce daga wani ɗakin awon jini. A gurbin sunan majiyyaci an rubuta zuma da Faransanci, a ƙasa kuma testosteron, wato sinadarin mazakuta da jikin namiji ke ƙerawa, da lamba a gabansa. Asalin maganar shi ne ƴan ledojin nan masu baƙi da ruwan zinariya da ake kira zumar maza, waɗanda suka cika kasuwa suka janye masa masu saye da yawa. A jikinsu an rubuta wai akwai jele ruwayal, wato madarar sarauniyar zuma, da homon na halitta. Kawu ya sari katan guda don kada a bar shi a baya, amma zuciyarsa ba ta kwanta da su ba. Sai wani yaro ya ba shi shawara ya kai tasa zumar a auna, in an samu homon shi ma ya rubuta. Ya biya kuɗinsa, aka sirka zumar da ruwa, aka zuba a na'urar da ake auna jinin mutane, ta fitar da lamba.

Na ce, "Kawu, don Allah kada ka kai wa mai buga takarda tukuna. Ka ba ni wata guda, ka kuma kawo mini kaya iri uku."

Washegari ya aiko da su: tatacciyar zumarsa da aka yi wa wancan awo, da wata mai duhu irin ta amya wadda aka matse da saƙarta, garin fure da ƴaƴan zuma duk a ciki, sai ledoji shida daga katan ɗin.

Kafin a taɓa kwalba a ɗakin gwaji, sai an fara gyara tambayar. Homon ɗan aike ne: wani sashe na jiki ya saki sinadari, ya tafi ya isar da saƙo a wani sashe. Baturen Ingila Ernest Starling ne ya fito da kalmar a 1905. Kowace halitta da nata ƴan aiken, kuma saƙo ba ya aiki sai inda akwai mai karɓarsa. A cikin amya kuwa dangi uku ne suke haɗuwa.

Akwai na ƙudan zumar kansa, irin su homon ƙuruciya da makisteron A, waɗanda ke tsara lokacin da tsutsa za ta saɓe fata ta rikiɗa. Tsutsar da aka ciyar da madarar sarauniya zalla homon ƙuruciya yakan yi yawa a jikinta, ta fito sarauniya a kwana 16, alhali ƴar'uwarta ma'aikaciya sai ta yi kwana 21. Daga nan ne mutane suka ɗauka cewa madarar za ta yi wa ɗan Adam abin da take yi wa tsutsa. Amma jikinmu ba ya karanta waɗannan sinadarai a matsayin testosteron. Akwai kuma na tsirrai, waɗanda ke shigowa ta ruwan fure da garinsa. Sinadarin absisik, wanda ke sa ganye ya rufe ƙofofinsa lokacin fari, ana samunsa a zuma iri-iri. A 1979 masu bincike a Amurka suka ware homon tsiro mai suna birasinolid daga garin furen da ƙudan zuma suka tara, kuma daga kilo 40 miligram 4 kacal suka samu. Dangi na uku su ne waɗanda Kawu ke nema: testosteron, projesteron, estradiyol, wato homon maza da na mata irin na jikin ɗan Adam. Tun shekarun 1980 ake fitar da rahotannin samun ɓurɓushinsu a madarar sarauniya da tsutsar namijin zuma, har a Romaniya ana sarrafa tsutsar ana sayar da ita da sunan Apilarnil. Sai dai maganar nanogram ake yi a kowane gram, nanogram kuwa sai an raba gram gida biliyan ɗaya.

To me ya sa na'urar awon jini ta ba da lamba? Wannan na'ura ba ta ganin testosteron. Tana aiki da antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da aka tanada don ya cafke shi. A ɗauka kujerun faba-faba ne masu ƙididdigaggen adadi. Ana zuba testosteron da aka yi wa alama mai haske, a haɗa da abin da ake aunawa, su yi rububin kujeru. In masu haske kaɗan ne suka samu wuri, na'ura sai ta yanke cewa testosteron ɗin majiyyaci ne ya cike sauran. Ba ta da hanyar sanin ko wani baƙo mai kama da shi ne ya zauna, ko kuma kujerun ne suka karye. Jinin mutum yana kan ma'aunin tsami 7.4, zuma kuwa tana wajen 4, ga sukari kusan kashi 80 cikin ɗari, ga sinadaran furanni barkatai. Duk abin da ya hana antibodi kamu, a takarda zai fito a matsayin homon. Dabarar kanta mai daraja ce, Rosalyn Yalow ta samu kyautar Nobel a 1977 saboda tushenta, amma don jini aka auna ta aka daidaita ta. Laifin da nake gani a wurin waɗanda suka karɓi kuɗin Kawu shi ne sun san haka, ba su kuma gaya masa ba.

Gwajin farko da muka yi ni da abokin aikina mai sauƙi ne. Muka ɗauki irin wancan kayan awo, muka sirka zumar, muka sake ninka ruwan, muka sake. Idan homon na gaskiya ne, duk ninkin ruwa lambar za ta ragu da rabi. Ta ƙi bin wannan lissafi. Da muka kashe tsamin zumar muka kai ta kusa da na jini, sai lambar ta faɗi warwas. Wannan ya isa ya soke takardar, amma bai amsa tambayar Kawu ba. Don a amsa ta, dole a ciro abin da ake nema shi kaɗai daga cikin tulin sukari da kaki, kuma a nan ne aikin yake.

Muka auna gram 5 na zuma, muka narkar a mililita 20 na ruwa mai ɗumi wanda bai wuce digiri 40 ba. Tun kafin a yi komai muka ɗiga wani abu da muke kira ɗan rakiya: testosteron ne da aka musanya masa ƙwayoyin haidirojin uku da masu nauyi, irin wanda babu shi a halitta. Halinsa ɗaya da na gaskiyar, don haka duk asarar da aka yi a hanya tare za su yi ta. In a ƙarshe rabinsa ya dawo, mun san rabin abin da muke nema ma ya zube, sai mu gyara lissafi. In bai dawo ba sam, ba mu da bakin cewa babu homon, aikinmu ne ya lalace.

Daga nan sai kartush. Ɗan bututun roba ne kamar sirinji, a cikinsa farin gari na silika wanda aka lulluɓe kowace ƙwayarsa da sarƙar kabon 18, shi ya sa ake ce masa C18. Garin yana da halin maiƙo: abin da ke son mai yana maƙale masa, abin da ke son ruwa yana wucewa. Ana jiƙa shi da metanol, wani ruwan sinadari dangin barasa, a bi da ruwa, sannan a zuba ruwan zumar yana sauka ɗigo-ɗigo. Ina zaune ina kallo wani siririn zobe mai ruwan ƙasa yana taruwa a saman farin garin, ruwa mai danƙo yana fita ta ƙasa. Sukarin ke nan yake tafiya. A wanke da ruwa, a sake wankewa da metanol mai rauni don ya kwashe launi da tarkacen fure, sai a ƙarshe a zuba mai ƙarfi ya saki homon ɗin cikin ƙaramar kwalba. Wannan wanki na tsakiya shi ne wurin gwaninta. In ya yi rauni datti ya biyo, in ya yi ƙarfi ya tafi da abin da ake nema.

Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne yadda tsami ke zaɓe, kuma duk macen da ta taɓa dama kunu ta san bambancin tsamiya da kanwa. Testosteron da danginsa ƴan ba-ruwanmu ne, ko an ƙara tsami ko an rage suna maƙale wa garin. Sinadarin absisik na ɓangaren tsamiya ne, ba ya zama a kartush sai an sauke ma'aunin ruwan zuwa wajen 3. Wasu magungunan bature kuma na ɓangaren kanwa ne, a cikin ruwa mai tsami suna ɗaukar caji, don haka akwai wani kartush na daban mai riƙe masu caji, wanda ko an wanke shi da metanol zalla ba zai sake su ba sai an sa ɗan amoniya. Da wannan muka raba kowace zuma gida uku, kowane gida da irin mutanensa.

Akwai dabarar da ta fi wannan zaɓe, wadda ba mu da ita a hannu. Ana ƙera roba a kewayen ƙwayar homon, in ta daskare a wanke homon ɗin, sai ya bar rami daidai siffarsa kamar sawun ƙafa a ɗanyen siminti. Günter Wulff a Jamus ya fara wannan a 1972, ƙungiyar Klaus Mosbach a Suwidin ta nuna ƙarfinsa a 1993. Tana da nata tarkon: in ba a wanke ainihin homon da aka yi sawun da shi sarai ba, ragowarsa na zubowa cikin samfur, mai awo ya auna abin da shi da kansa ya zuba.

Zuma ta biyu ce ta wahalar da mu. Zagayen farko kaki ya toshe kartush, ruwa ya tsaya cak. Na matsa da ƙarfi don in gama kafin a ɗauke wuta, ruwan ya yi hanya ta gefen garin ya wuce, aikin kwana biyu ya tafi. Muka sake daga farko: muka jiƙa ta da metanol mai kashi 80, muka girgiza da hekzan, ruwan sinadari mai narkar da mai, ya ɗebe maiƙo, muka kwantar da ita a firiza dare guda kakin ya daskare ya taso sama muka tace. Kowane samfur sau uku muka yi shi, tare da ruwan sukari zalla wanda bai kamata ya nuna komai ba, da wata zuma da muka zuba wa sanannen adadin homon don mu ga ko zai dawo.

Na'urar da ke hannunmu kuromatogirafi ce, wato mai rarrabe sinadarai a cikin bututu, sannan ta auna hasken da kowanne ke sha. Tana ganin abu mai yawa, amma nanogram ya fi ƙarfinta. Don haka muka busar da abin da muka tatsa a ƙananan kwalabe masu duhu, muka aika wa wata abokiyar karatuna da ke aiki a ƙasar waje, inda suke da na'urar LC-MS/MS. Ita wannan shaida uku take nema kafin ta ambaci suna. Lokacin da sinadarin ya fito daga bututun rarrabewa ya yi daidai da na ɗan rakiya. Nauyinsa ya zama 289. In an farfasa shi ya ba da gutsattsari biyu, 97 da 109, kuma girman ɗaya a kan ɗaya ya yi daidai da na testosteron na ainihi. Ko da haka sai an yi hattara, domin akwai ɗan'uwansa efitestosteron mai nauyi ɗaya da gutsattsari iri ɗaya, wanda ba ya aikin da testosteron ke yi, lokacin fitowa ne kawai ke raba su.

Sakamako ya dawo bayan sati uku. A tatacciyar zumar Kawu ɗan rakiya ya dawo lafiya, testosteron kuwa babu shi a iyakar abin da na'urar ke iya gani. Projesteron da estradiyol ma haka. Sinadarin absisik ya fito sarai, wanda shaida ce cewa zumar daga fure take. A zuma ta biyu an ga wani ɗan tudu a zanen da na'ura ta fitar, a wurin testosteron, dab da iyakar gani, amma gutsure ɗaya ne ya bayyana, na biyun ya nutse cikin hayaniyar na'ura, kuma a kwalba biyu cikin uku kawai. Abokin aikina ya so mu rubuta "akwai alama". Na ƙi, domin na san kalmar nan in ta fita daga ɗakin gwaji ta isa kasuwa, "alama" za ta faɗi a hanya, "akwai" ce za ta isa. Muka rubuta cewa ba a tabbatar ba.

A ƙaddara ma an tabbatar, a ce nanogram 10 a kowane gram. Babban cokali na zuma wajen gram 20 ne, nanogram 200 ke nan. Jikin namiji baligi yana ƙera miligram 5 zuwa 7 na testosteron kowace rana, kuma miligram 5 nanogram miliyan biyar ne. Sai mutum ya sha cokali 25,000, wato rabin tan na zuma, kafin ya kamo abin da jikinsa ke yi tsakanin asuba da asuba. Ko ya sha ɗin, hanta tana lalata mafi yawan testosteron da ya biyo ta ciki kafin ya shiga jini. Ƙarancin nan ba baƙon abu ba ne: a 1935 da Ernst Laqueur da mutanensa suka fara ware testosteron a Amstadam, daga kilo 100 na ƴaƴan marainan bijimai miligram 10 suka samu.

Ledojin kuwa tun kafin su tafi ƙasar waje suka tona kansu. Gidan kanwa na samfurin, da muka zuba shi a na'urarmu ta Yamai muka saita haske wajen 290, sai ga tudu ya tashi har ya fita daga allo, dole muka sirka muka sake sirkawa. Na'urar waje ta tabbatar da nauyi 475: sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998. Ba homon ba ne ko kaɗan, magani ne mai buɗe jijiyoyin jini, kuma a farmasi ƙwayarsa miligram 25, 50 ko 100 ce, da takardar likita. A ledojin ma'aunin miligram ne muka gani, ninki miliyan na nanogram, kuma adadin ya bambanta sosai daga leda zuwa leda a katan guda. Mun nemi deksametazon, wanda shi kam dangin homon ne kuma mata sun san shi a magungunan ƙiba, ba mu same shi ba. Mun nemi 10-HDA, sinadarin da ake gane madarar sarauniya da shi, wanda ƙa'idar ISO 12824 ta 2016 ta ce kada ya gaza kashi 1.4 cikin ɗari a madara ta gaskiya. Babu ko ɗigo. Dama madarar sarauniya abu ce da ake ajiyewa a sanyi, ba ta zaman rumfa a watan Afrilu.

Wannan ba a Yamai ya fara ba. A Yulin 2021 hukumomin Faransa sun gargaɗi jama'a kan irin wannan zuma bayan sun samu sildenafil da ɗan'uwansa tadalafil a ciki, a Yulin 2022 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni huɗu takardun gargaɗi a kan haka. Haɗarin ya fi tsanani ga mai ciwon zuciya da ke shan magungunan naitiret, domin haɗuwarsu na iya kayar da matsin jini ƙasa farat ɗaya. Mutumin da likita ya hana ƙwayar, shi ne zai sayi ledar da kwanciyar hankali, don an ce masa zuma ce.

Na kai wa Kawu bayanin bayan la'asar, kasuwa ta fara sanyi. Na shimfiɗa masa takardu biyu a kan teburi, ɗaya layi ne a kwance, ɗaya kuma tudu kamar hasumiya. Ya daɗe yana kallo.

"Wato tawa babu komai ke nan?"

"Kawu, taka zuma ce. Wannan kuma magani ne aka ɓoye a cikin zaƙi."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Innalillahi. Akwai wani Alhaji, tsohon mai sayena ne, yana fama da zuciya. Ya karɓi leda biyu. Da ya dawo ya ce mini kansa kamar zai tsage, jiri ya kwashe shi a alwala, kuma duniya ta yi masa shuɗi-shuɗi. Na ce masa zafi ne."

Ganin shuɗin nan sanannen abu ne ga sildenafil, domin yana taɓa wani sinadari a cikin ido mai kama da wanda aka yi shi dominsa. Na gaya wa Kawu haka. Bai jira magariba ba, ya bar wa yaronsa rumfa ya hau kabu-kabu zuwa gidan Alhajin, da roƙon ya nuna wa likitansa ledar.

Awonmu ba na hukuma ba ne, na kuma faɗa masa. Gwajin da doka za ta tsaya a kansa aikin wurare ne irin LANSPEX, ɗakin gwajin lafiya na ƙasa da ke nan Yamai. Ragowar katan ɗin ya ɗaure shi ya miƙa wa masu kula da magunguna tare da kwafin abin da muka gani, ya haƙura da kuɗinsa. A jikin kwalabensa yanzu an rubuta garin da zumar ta fito, da watan da aka ɗebe ta, da yawan ruwan cikinta wanda muke auna masa da ɗan madubin awo, tunda ƙa'idar duniya ta ce kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Masu neman leda har yanzu suna zuwa. Yana gaya musu abin da ke ciki, wasu su tsaya su saurara, wasu su wuce rumfar gaba.

Ɗan tudun nan na zuma ta biyu bai bar raina ba. Zumar ta yi watanni a jarka cikin zafi kafin ta iso gare mu, kuma ƴaƴan zuman da ke ciki ba a san maza ba ne ko ma'aikata. Kawu ya yi magana da mai amyar da ke kawo masa kaya daga Tamu: ɗiba mai zuwa zai yanko saƙa mai tsutsar maza zalla, masu manyan ramukan nan da murfinsu ya yi tudu, ya sa a kula mai ƙanƙara ya ba motar safe. Na ajiye kartush goma sha biyu da ragowar ɗan rakiya a firiza saboda ita.